Mu Takwas Ne, Motar da Yaya Ya Zaɓa Ta Mutum Bakwai Ce

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a nan Maraɗi. Shekararmu 17 da maigidana, Allah ya ba mu 'ya'ya shida, babbar tana da shekara 15, autan bai cika uku ba. Shekara huɗu muna tara kuɗin mota. Shi ma'aikaci ne, ni kuma ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Na haɗa kwasar adashe biyu da kuɗin tumakina na ba shi sefa miliyan 2. Yanzu motoci biyu ne a gabanmu, duka daga Amurka aka shigo da su: Toyota Highlander ta 2010 mai kujera bakwai, da Honda Pilot ta 2012 mai kujera takwas, wadda ta fi araha da jaka 900. Ni Pilot nake so, domin mu takwas ne, kuma kusan kowane wata muna zuwa gaida Inna a ƙauye, gaba da Dakoro. Amma yayansa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya ce Toyota kawai, wai Honda ba ta da bakanike a garin nan, kuma ranar sayarwa sai an yi kuka. Mai Highlander ɗin abokin Yaya ne. Maigidana ya dawo ya ce mini magana ta ƙare. Yau kwana biyar ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban san komai game da inji ba. Ni ce mai taurin kai?

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya zuri'a, ya sa a sayi motar nan a sa'a.

Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukar ki: ba ki da taurin kai. Macen da ta shekara huɗu tana matsar tunkuza, hayaƙi yana shigar mata ido, ta hana kanta atamfar Sallah don kada zubin adashe ya wuce ta, in ta ce a ji ta bakinta kafin a kashe kuɗin, ba ta wuce gona da iri ba. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na lura kalmar "magana ta ƙare" ta fi yi miki zafi fiye da kujerar nan guda da ta ragu. Da ya zaunar da ke ya ce ga abin da Yaya ya ce, ke me kika gani, wataƙila da tuni kun gama.

Sai dai ki dubi inda maigidanki yake tsaye. Babban wa magajin uba ne, balle wanda ya ci da shi, ya sha da shi, ya kai shi makaranta. Irin wannan mutum in ya ce ga mota, bakin ƙane yana nauyi. Ina kyautata zaton ba raina ki ya yi ba. Ya rasa yadda zai koma ya ce wa Yaya "iyalina ta ce a'a", sai ya toshe ƙofar da ta fi sauƙin toshewa, wato taki. Kuskure ne, amma kuskuren mai kunya ne, kuma yana gyaruwa. Batun cewa mai motar abokin Yaya ne kuwa, na ji abin da ba ki furta ba. Ki bar shi a cikinki. Ba ki da shaidar cewa akwai la'ada a ciki, kuma kalma ɗaya irin wannan in ta fita, za a sayar da motar a manta da ita, zumunci bai warke ba.

Maganar Yaya ma ba shaci-faɗi ba ce. Ki tsaya bakin titi a Maraɗi ki ƙirga motocin da ke wucewa, Toyota za ta rinjaya. Inda mota ta yawaita nan bakanike yake ƙwarewa da ita, nan mai kayan gyara yake zuba jarinsa. Injin Highlander mai silinda shida lita 3.5 ne, irinsa ne a cikin Camry da Avalon da Sienna da Lexus RX 350 na waɗannan shekarun, saboda haka kayansa ba sa wuya a nan, ko Katsina, ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Kayan Honda ma ana samu, Najeriya cike take da Honda, sai dai sau da yawa sai an aika an kawo. Mu kuwa mun ga abin da rufe iyaka yake yi. An rufe daga Agustan 2019 har Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris ɗin 2024. Wanda motarsa ta yi makonni a gareji tana jiran ɗan ƙarfe guda ya tsallako daga Jibiya ya san abin da Yaya yake gudu. A wajen sayarwa ma gaskiyarsa ce, Toyota ta fi saurin samun mai saye kuma ta fi riƙe kuɗinta.

Tunda kin ce ba ki san inji ba, ga abin da ya kamata ki riƙe, don in an zauna ke ma ki yi magana da hujja. Babban bambancin motocin nan biyu yana wani wuri da ido ba ya gani. Kowane inji yana da abin da ke daidaita motsin sama da na ƙasa, don bawul ya buɗe ya rufe a kan lokaci. A Highlander ta 2008 zuwa 2013 sarƙa ce ta ƙarfe, wadda in ana yin juyen baƙin mai a kan kari takan daɗe ƙwarai. A Pilot ta 2009 zuwa 2015 bel ne na roba. Ana canza shi bayan kamar kilomita 170,000 ko shekara bakwai, amma Honda da kanta ta rubuta cewa inda zafi ke wuce digiri 43, a canza a kilomita 100,000. Ke kin san ranar Afrilu da Mayu a garin nan. In bel ɗin ya tsinke mota tana tafiya, fistin yana dukan bawul, aikin ya zama na buɗe inji. Don haka duk wanda ya sayi Pilot ta hannu, bai kamata ya yarda da "an canza" na dillali ba. Ya canza da kansa kafin tafiyar farko, tare da famfon ruwa da abin da ke ɗaure bel ɗin, da kaya na asali. Jaka 900 ɗin da kike gani a matsayin rangwame, wani kaso nata kuɗin wannan aikin ne.

Abu na biyu, Pilot tana da wata dabara da ake kira VCM. In mota ta miƙe a kan kwalta, tana kashe silinda biyu ko uku daga cikin shida don rage shan mai, sai ki ga fitilar ECO ta kama a gaban direba. Dabarar ta jawo wa wasu injunan shan baƙin mai da lalata buji, wato fulogin da ke ba inji wuta, har masu motoci a Amurka suka kai ƙara, aka sasanta a 2013 da tsawaita garanti, kuma Pilot ta 2009 zuwa 2013 tana cikin waɗanda abin ya shafa. Ba kowacce ce ke yi ba. Na taɓa tsayawa a wani gareji bakanike ya kwance buji daga irin wannan mota ya ɗora mini a tafin hannu: baƙi ƙirin, a jiƙe da mai, har ya ɓata mini hannun riga. Ya kwance na kusa da shi, shi kuma a bushe, launin ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Ya ce mini, "Malam, wannan motar ta faɗi sirrinta." Aikin bai kai rabin awa ba. Haka kuma man giyar Honda nata ne ita kaɗai, DW-1, in mai jan ƙafa huɗu ce akwai wani na baya mai suna VTM-4. Bakaniken da zai zuba mata duk wanda hannunsa ya kai gare shi, shi ne zai kashe ta, daga nan a ce Honda ba ta da ƙarko.

Highlander ma ba waliyyiya ba ce. Famfon ruwanta yakan yi yoyo, za a ga busasshen ruwa mai launin hoda a gefen inji. Injunan farko-farko na wannan jinsi kuma sun zo da bututun baƙin mai mai ɓangaren roba, wanda kan tsage ya zubar da man cikin 'yan mintoci, shi ya sa daga baya aka koma yin sa da ƙarfe. A sa bakanike ya leƙa ya ga wanne ne a jikinta. Kuma ba kowacce ce ta zo da kilim, wato na'urar sanyaya mota, na baya ba, abin da yaran da ke kujerar ƙarshe za su fi kowa sani a hanyar Dakoro.

Shan mai kuwa kada ya raba ku, kusan ɗaya suke. A lissafin hukumar Amurka, suna sababbi, lita 13 zuwa 14 a kilomita 100 cikin gari, kusan 10 a doguwar hanya. Tsohuwa, cike da mutane, kilim a kunne, ta fi haka. Daga nan zuwa Yamai, kilomita kusan 660, sai kun ƙone lita 70 ko fiye.

Yanzu ga inda kika fi su gaskiya, kuma nan nake so in daɗe. Kujera ba ado ba ce. Kowace kujera tana da bel ɗinta, kuma wanda ba shi da kujera ba shi da bel. Ku takwas a cikin mota mai bakwai, ma'anarta kullum akwai yaro guda a kan cinya. Mun saba gani ranar Sallah, uwa a gaba ta rungume auta, yana wasa da maɓallin rediyo, kowa yana murna. Amma in jaki ya faɗo titi direba ya taka burki da ƙarfi, babu hannun uwar da zai iya riƙe shi, in kuma jakar iskar gaba ta fashe, shi za ta fara samu. Ban faɗa don in tsorata ki ba, na faɗa ne don a daina ɗaukar maganarki kamar son babbar mota. Sannan yara girma suke yi. Kujerar ƙarshe ta Highlander mutum biyu take ɗauka, a matse, ta yara ƙanana ce. Ta Pilot uku take ɗauka kuma ta fi sakewa. In an ɗaga kujerun duka, abin da ya rage a but ɗin Pilot ya ɗan haura lita 500, na Highlander bai kai 300 ba. Ke kika san tsarabar da ake kai wa Inna, da buhun geron da take cewa sai an taho da shi.

Ki yi wa kanki adalci a nan, ki zauna ki ƙirga: a bara sau nawa kuka tafi ku takwas cif? In Sallah biyu ne da biki guda, sauran watannin shi da yara biyu ko uku ne, to hujjarki ta ragu, domin ranar da aka cika sai manyan yara biyu su bi motar haya tare da wani babba, a ci moriyar sauƙin Toyota a sauran shekara. In kuwa da gaske kusan kowane wata gidan gaba ɗaya yake tashi, ni ba zan ba gida mai mutum takwas shawarar sayen mota mai kujera bakwai ba, ko wane suna ne a goshinta. Wannan shi ne ra'ayina, kuma bisa abin da kika rubuta, na karkata ga Pilot, da sharaɗin ta ci jarrabawar bakanike. In ta faɗi, ki sake ta ba tare da ɓacin rai ba.

Wani abu kuma da ku duka ukun ba ku ambata ba: babu motar daji a cikinsu. Highlander a kan ginin Camry aka yi ta, Pilot kuma 'yar'uwar Odyssey ce, ba su da gangar ƙarfe irin ta Hilux ko Prado. Tsayinsu daga ƙasa kusan santimita 20 ne su duka. Kwalta da burji ba matsala, amma in gaba da Dakoro yashi ne mai zurfi, ko akwai ƙoramar da ake tsallakawa da damina, sai a tabbata motar mai jan ƙafa huɗu ce. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa ƙafar gaba kawai suke ja. Kada a tsaya ga rubutun da ke bayan mota, a sunkuya a ga ko akwai sandar ƙarfe da ta taho daga gaba zuwa ƙafafun baya. Highlander mai silinda huɗu, lita 2.7, ƙafar gaba kawai take ja. Pilot mai ƙafa huɗu tana da maɓallin da ke kulle na baya a giya ta ɗaya da ta biyu da ribas, yana taimakawa in an kafe.

To yaya za a yi? Kada a ba da kafin alƙalami a kan kowacce tukuna. Ku nemi bakanike wanda ba na mai Highlander ba ne, ba na mai Pilot ba, ku biya shi ladansa, ya duba su biyun a rana ɗaya. A je da sassafe kafin a tayar da su, a taɓa bonet a ji da sanyi, domin inji mai ciwo da safe yake tari. A duba ko akwai shuɗin hayaƙi, a kwance buji, a jona na'urar kwamfuta, a ga fitilar inji tana kamawa in an murɗa makulli sannan ta mutu bayan an tayar, don wasu cire ƙwan suke yi. A ɗaga kafet a shinshina, a duba ƙarafan ƙarƙashin kujera, motar da ambaliya ta ci ba ta ɓoye warinta. A shiga ƙarƙashi a nemi tsatsa, saboda a arewacin Amurka gishiri ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Mitar motocin can mil take ƙirgawa, in kun ga 120,000 kilomita 193,000 ke nan, kuma mita ana juya ta. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta tsufa, ko zanenta yana nan, zafin kwaltarmu yana fasa ta. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 ta zama iri ɗaya a jikin mota da takardun duwan da kart giriz, wato takardar mallakar mota. Babbar 'yarki ma za ta iya sa wannan lamba a intanet, a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, ta ga ko akwai gyaran da kamfani ya kira ba a kai ba. Wannan ya fi muhimmanci ga Pilot, domin tana cikin motocin da aka kira saboda jakar iskar kamfanin Takata, wadda zafi da daɗewa ke sa ta fashe da ɓarɓashin ƙarfe.

Kuma Yaya ne ya kamata ya jagoranci wannan dubawar. Maigidanki ya je ya same shi ya ce, "Yaya, kuɗin nan gumin shekara huɗu ne, ina so ka raka ni a duba su biyun, idonka ya fi nawa." An girmama shi ke nan, kuma abin da bakanike ya ɗora masa a tafin hannu ba wanda zai ce daga bakin mace ya fito. In Highlander ɗin abokinsa lafiyayya ce, dubawa ba za ta rage ta da komai ba.

In Pilot ta faɗi, kuma kujera takwas ta zama dole, akwai hanya ta uku: Toyota Sienna mai kujera takwas. Daga 2007 zuwa 2016 injinta irin na Highlander ɗin ne, kuma masu haya tsakanin Katsina da Kano sun sa kayanta sun wadata. Yaya ya sami Toyotarsa, ke kin sami kujerunki. Aibinta shi ne ta fi kusa da ƙasa, kuma mai takwas ɗin ta waɗannan shekarun ƙafar gaba kawai take ja, don haka sai an auna ta da hanyar ƙauyen Inna. Wanda ya yi haƙurin shekara huɗu, wata biyu na neman mota ba za su gagare shi ba.

Saura ke da shi. Kwana biyar sun isa, 'yar'uwa, ki karya shirun nan yau, ba sai gobe ba. Bayan isha'i, yara sun kwanta, ki kai masa abin da ya fi so ki zauna kusa. Kada kalmar "kuɗina" ta fito a wannan zaman, domin da ya ji ta zai daina jin sauran. Ki fara da cewa kin san matsayin Yaya kuma ba ki son abin da zai shiga tsakaninsu. Sannan ki tambaye shi, "Maigida, in mun tashi zuwa gun Inna, wa za mu ɗora a cinya?" Ki bar shi ya ƙirga da kansa. Daga nan ki faɗa masa a hankali cewa abin da ya taɓa ki shi ne yanke magana ba tare da ke ba. A Suratul Baƙara, aya ta 233, ko yaye yaro Allah ya rataya shi ga yardar iyaye biyu da shawararsu. Ki tuna masa wannan da taushin murya.

Akwai maganar da ba a son yi, amma ina ganin haƙƙinki ne in yi miki. Miliyan 2 ɗin nan, kyauta ce, rance ne, ko hannun jari a motar? Dukiyar mace tata ce a Musulunci, kina da ikon zaɓar kowanne, kuma in kin ba shi kyauta da zuciya ɗaya Allah ya ba ki lada. Amma in rance ne ko tarayya, a rubuta a takarda da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta wannan surar ta yi umarni a kan bashi. Kart giriz suna ɗaya zai ɗauka, kuma rai na hannun Allah. Ranar da aka zo rabon gado, abin da takarda ta ce shi ake bi, kuma na ga matan da suka yi shiru saboda kunya suka tashi ba komai. Kada ki haɗa wannan da zaman sulhun. Ki bari sai an shirya, an yi dariya, kafin ranar biyan kuɗi.

Ranar da za a je dubawa, ki roƙe shi ku tafi gaba ɗaya, har autan. Ku shiga Highlander ku takwas, kowa ya nemi bel ɗinsa ya ɗaura, a sa jaka biyu da buhu guda a baya, a rufe but, a kunna kilim, a zaga unguwa. Ku sauka ku yi haka a Pilot. Ki sa babbar 'yarki a kujerar ƙarshe a duka biyun, ki tambaye ta a gaban babanta da Yaya inda gwiwarta ta sami wuri. Bayan nan ki sake rubuto mini abin da bakanike ya gani a buji da bel, in taya ku lissafin abin da gyaran zai ci daga jaka 900 ɗin kafin ku biya.